Takardar Ruwa a Cikin Adudun Goggo

Sallama gare ku duka, da waɗanda suka daɗe suna bin labarina, da wanda yau ne ya fara leƙowa. Ku gyara zama, don akwai abin da zan faɗa yau da ko ƙawata ban taɓa gaya wa ba. Takardar nan da aka yi kwana uku ana nema a Garwa, wadda saboda ɓatanta unguwarmu ta nutse, aka kuma ɗaure saurayina, ni aka miƙa wa ita. Hannuna ta shiga. Kada ku yi saurin zagina, ku bari in kai aya, in ya so ku gaya mini laifin wa ne, don ni har yanzu kaina a ɗaure yake.

Sunana Aisatu, amma kowa Yelwa yake ce mini. Kowa ban da mutum ɗaya. Baffa, wato mahaifina Malam Sulaimanu, mai unguwar Bakin Gulbi, bai taɓa kiran sunana ba, don ni ce 'yarsa ta fari. In yana son ruwa sai ya dubi bango ya ce, "A kawo ruwa." In faɗa zai yi mini, sai ya gaya wa yayarsa Goggo Hindu, wadda ta rene ni tun rasuwar mahaifiyata, ita kuma ta ƙara gishiri ta kawo mini. Ni ma in ina da magana ta wurinta take bi. Shekarata goma sha takwas gida ɗaya da mutumin nan, ina sonsa, na san yana sona, amma ban tuna ranar da muka haɗa ido ba.

Masu nemana biyu ne. Na farko Ilyasu, masinjan barikin Jamusawa, dogo siriri, mai kaki da jar dara da faffaɗar ɗamara. Shi nake so, ba zan yi muku kwana-kwana ba. Matsalarsa ɗaya, kunya. Uwarsa Bafulatana ce, tun ranar da kawunansa suka kawo goro gidanmu kuwa kunyar ta zama ciwo. In ya hango Baffa a hanya, sai ya faɗa gonar mutane ya tsuguna cikin dawa har ya wuce. Na biyu Brahim, ɗan Sarkin Jirgi, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ko ya yi wanka da sabulun kanti ƙarnin kifi bai barinsa. Shi Goggo take so. Kullum da safe da shi take buɗe baki: gidan Sarkin Jirgi ba a kwana da yunwa, mai bin Bature kuwa yau yana Garwa gobe an tura shi Tibati. Ta ƙara da cewa namijin da ba ya iya duban mutum a ido, ba ta ga yadda zai dubi wahala ba.

Da surutun ya ishi Baffa, sai ya sa doka. Ya ce zai yanke magana bayan damina, kafin nan duk wanda aka gani ya zagayo bayan zana yana magana da "yarinyar nan", to a mayar masa da goronsa. Ku riƙe wannan doka, ita ce ta fara ɗaure ni.

Sai kuma maganar ruwa. Ku da ba ku san kogin Binuwai ba, ba ya bukatar a yi ruwa a Garwa kafin ya cika. Can kan duwatsu ake tafka ruwan, mu nan rana na ƙwalla, sai dai a ga gulbi yana kumbura. Shekara uku kafin wannan damina ya shigo gari, kowa ya yi ta kansa. Da shekara ta zagayo kuma wani ya yi kururuwar ƙarya, unguwa ta watse, 'yan jirgi suka bar dakon kayan kamfani suka taho, ruwa bai zo ba, ɓarayi suka zo. To, sai manya suka zauna, da fadar Lamiɗo, da Baturen bariki, da Sarkin Jirgi, da akawun kamfani, suka tsara yadda za a riƙa yi. Ni da ke kai musu ruwa zaure, a bayan asabari na haddace tsarin tsaf.

Bariki ke lura da wani turke da aka kafa a bakin mashigi, mai jan fenti a wuyansa. In ruwa ya taɓa ja, Bature zai rubuta takarda ya buga mata hatimi mai hoton tsuntsu, a soke ta a tsagaggen kara, masinja ya kai ta hannun mai unguwa. Hannunsa, ba hannun wani ba. Masinja ya koma da kara babu takarda, shaidar saƙo ya isa ke nan. Mai unguwa kuma ya naɗe takardar da carbinsa ya aika wa Sarkin Jirgi, shi kuma ya nuna wa akawu, don a watannin nan duk kwale-kwalen gari suna can suna sauke gishiri da atamfa daga jirgin hayaƙi, ba mai janye ko ɗaya sai da tsuntsun nan. Dogaran Lamiɗo kuwa, in suka hango jirage sun nufo Bakin Gulbi, sai su kaɗa ganga su buɗe filin kan tudu da rumbun hatsi. Da na ji, na ce lallai manya sun yi dabara. Ban san cewa a tsarin duka ba wanda ya tuna masinja na iya zama mai neman 'yar mai unguwa ba.

Ranar Talata da azahar ina bayan gida ina shanya kuɓewa a kan tabarma. Na ɗaura tsohon saƙina mai ratsin baƙi, kaina ko ɗankwali babu, lallen ƙafata duk ya koɗe. Sai na ji ana ƙwanƙwasa zana a hankali. Na leƙa ta wata kafa, na ga jar dara. Gabana ya faɗi, rabi don murna rabi don tsoro.

"Ka haukace?" na ce da raɗa. "In Goggo ta gan ka fa?"

"Useni, don Allah, Yelwa, saurara. Na je ƙofar zaure sau biyu. Baffa na cin abinci da baƙi."

"To sai me? Ka yi sallama mana."

"In tarar da shi yana cin abinci? Ni?" ya ce. "Ƙafata ta ƙi. Wallahi na ɗaga ta, ta ƙi."

Ya ce akwai wasu unguwanni biyu da zai kai wa tasu kafin la'asar, ba zai iya tsayawa jira ba. Ya zare takardar daga jikin karan, ya ninke ta, ya turo ta cikin kafar zana. Ya ce ta ruwa ce, in ba Baffa yanzu-yanzu. Yatsunmu suka taɓa juna, ni kuwa, Allah ya yafe mini, a lokacin taɓin yatsun ya fi damuna da maganar ruwa. Kafin in buɗe baki ya ɓace, da karansa a hannu.

Na tsaya riƙe da takarda na yi tsuru-tsuru. In na shiga zaure, abin da ban taɓa yi ba, Baffa zai tambayi inda na samo ta. In na ce Ilyasu ne ta bayan zana, goronsa ya koma. In na yi ƙarya, ban iya ƙarya a gaban Baffa ba, ko gaskiya ma ban taɓa faɗa a gabansa ba. Na ɗaga kai na dubi sama, tas take, ko gajimare babu. Sai na bi hanyar da na saba bi tun ina ƙarama, na nufi ɗakin Goggo.

Na same ta tana goge tasoshin jerenta da toka. Na durƙusa na gaya mata komai, na roƙe ta ta ce da Baffa masinja ne ya ba ta a ƙofar gida. Ta karɓi takardar da yatsu biyu, ta jujjuya ta, ta watsa mini harara. Ita ma kamar ni ba ta karatu. Ta ce wane ruwa, kwana huɗu ko yayyafi ba a yi ba. Ta ce ai masinja na da takardu masu tsuntsu cike da aljihu, wa ya sani ko wani dogon Turanci ne ya sa aka rubuta don ya burge Baffa, ko ma sammu ne a ciki.

"Goggo, ya ce ta ruwa ce."

"Na ji. Bar ta a hannuna, in baƙi sun tashi zan san yadda zan yi. Ke je ki kwashe kuɓewarki, kaji na ci."

Na tafi. Ga wurin da nake so ku dube ni da kyau, don nan ne laifina yake. Duk yammacin nan ina leƙen zaure. Na ga baƙi sun tashi. Na ga Goggo ta shiga ta fito. Na ga Baffa yana zaune yana jan carbinsa, bai aika kowa ko'ina ba. Zuciyata ta ce ba a ba shi ba. Wata zuciyar ta ce an ba shi, ya karanta, ya ga ba abin gaggawa ba ne, manya sun fi ki sani. Da na tambayi Goggo sai ta ce, "An gama." An gama me? Ban sake tambaya ba, don amsar da nake so ke nan. Na ci tuwona na kwanta.

Washegari da hantsi ina daka, sai na ga ruwa yana shigowa ta magudanar da ya saba fita. Ba da ƙara ya zo ba, a hankali ya shigo, ja kamar kunun kanwa, da ciyayi a kansa. Kafin in sauke taɓarya ya kewaye turmi. Nan fa unguwa ta ɗauki salati.

Abin da ya faru daga nan, ko yanzu in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko kuka. Baffa ya tura ladan a guje wurin Sarkin Jirgi da carbinsa. Sarkin Jirgi ya ce ya ga carbi, ina tsuntsu? Ya ce mutanensa tun jiya suke zaune da filafilai a hannu, su ma suna ganin turke, amma akawu ba zai saki jirgi ba sai da takarda. Ladan ya wuce wurin akawu. Akawu ya ce shi ba shi da ikon komai, a je bariki. A bariki aka nuna masa karan Ilyasu a jingine, aka ce saƙo ya isa tun jiya, su ma mamaki suke da ba su ji ganga ba. Dogarai kuma suna can kan tudu da ganga a rataye, rumbu a rufe, suna ta miƙa wuya ko za su hango jirage. Kowa ya shirya, kowa ya yi abin da aka ce ya yi, kowa kuma jiran wani yake. Bature ya rubuta wata takardar nan take, amma kafin ladan ya juyo ruwa ya yanke hanyar kwari, ya tsaya a can gefe yana ɗaga ta sama yana kiran sunan Allah.

Mu kuwa ruwa ya kai mana ƙugu. Na ga rumbunmu ya jiƙe daga gindi, ya durƙusa, dawar shekara ta bi ruwa. Na ga tasoshin Goggo suna yawo a tsakar gida ɗaya bayan ɗaya. Baffa na tsaye a ƙofar zaure, babbar rigarsa ta tsamiya ta manne masa a jiki, yana ta cewa a ɗora yara da tsofaffi kan rufin masallaci, yana kuma tambayar kowa, "Wa ya ga masinja? Wa ya ga takarda?" Na dubi Goggo. Ta kau da kai.

Brahim ne ya cece mu. Ba da izinin ubansa ba, ba da na akawu ba, ya jibge buhunan gishiri a kan gaɓa ya taho da jirage huɗu shi da abokansa. Da dogarai suka hango su sai ganga ta tashi, sauran jirage kuma da suka ji ganga suka ɗauka takarda ta iso, suka biyo baya. Kun ji yadda tsarin manya ya tashi aiki, daga wutsiya. Brahim da kansa ya ɗauke Goggo cak ya sa a jirgi, tana ihun adudunta na kaya da ruwa ya fisge. Da ya zo kaina bai taɓa ni ba, filafili ya miƙo na kama. Har rana ta faɗi yana kai da kawowa, kuma cikin ikon Allah ba a rasa rai ko ɗaya ba. Amma gidaje sun zube, awaki sun tafi, hatsin unguwa kaf ya tafi.

A kan tudu aka yi mana rumfunan zana. Fada ta ba da gero, bariki ya aiko da barguna da wani magani mai ɗaci na zazzaɓi, kamfani ya ba da gishirin da ya jiƙe. Har a nan ma sai da aka yi ta jayayya kan wanda zai raba, aka wuni gero na gefe guda, tukwane na gefe guda. Ni ban ma iya cin komai ba, don tun ranar Alhamis labari ya zo cewa an kama Ilyasu. An tuɓe masa dara da ɗamara, an ɗaure shi. Matan da ke zuwa ɗibar ruwa kusa da bariki suka ce an tambaye shi ya fi sau goma, amsarsa ɗaya: ya kai takarda gidan mai unguwa. Hannun wa? Sai ya sunkuyar da kai. Aka ce ranar Asabar za a zauna a gaban kowa, in bai faɗa ba bulala ashirin da biyar ce, sannan a sa shi cikin 'yan dako zuwa Tibati, hanyar da ba kowa ke dawowa ba.

Na samu Goggo a bayan rumfa na ce zan faɗa. Ta damƙe hannuna har sai da awarwarona ya shige mini fata. Ta ce adudu ya bi ruwa, takarda ta bi adudu, ba mai shaida sai Allah. Ta ce in na buɗe baki rawanin Baffa ya tafi, don takarda ta kwana a gidansa, mutanen da suka rasa abincinsu kuma ba za su ƙara gaishe shi ba. Ta ce ni kuma a yi mini waƙa a dandali, 'yar mai unguwa mai karɓar saƙo ta kafar zana. Ina shirin in yi mata tsiwa sai na ga hawaye na bin kumatunta. Ta ce ita da ta yi niyyar ba shi da safe, wallahi da safe ta yi niyya, so take kawai ta ga ko yaron zai dawo ya yi magana kamar namiji. Tun da nake ban taɓa ganin Goggo ta yi kuka ba, sai na haɗiye tsiwar.

To ku gaya mini, ya zan yi? In na yi shiru, wanda nake so zai sha bulala saboda ya rufa mini asiri. In na yi magana, na tuɓe wa ubana rawani da hannuna. Ga haushin Ilyasu da nake ji, wanda kunyarsa ta jawo duk wannan, ga tausayinsa. Ga Goggo da nake son in shaƙe, ga shi ita ta goya ni. Kwana biyu ina zagaya tudu kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai.

Ranar Asabar da safe na gangara bakin ruwa wanke zanen da aka ara mini. Sai ga Brahim ya tuƙo jirgi, ya tsaya nesa kaɗan yadda doka ba za ta hau kansa ba, ko da yake yanzu babu zanar da za a zagaya. Fuskarsa a kumbure gefe ɗaya, na ji an ce ubansa ne ya mare shi kan jiragen da ya ɗauka, sannan ya rungume shi. Ya ɗago wani abu daga cikin jirgi ya ajiye a kan yashi. Adudun Goggo ne. Ya ce a kan reshen marke ya same shi a maƙale, ya buɗe don ya shanya mata zannuwa.

Sai ya zaro takardar daga cikin hularsa. Ta jiƙe ta bushe ta yi kumburi, amma tsuntsun na nan.

"Ni ɗan Sarkin Jirgi ne, na san ta," ya ce. "Ban nuna wa kowa ba."

Na tsura wa takardar ido.

"Ba zan ɓoye miki ba, Yelwa, sau biyu ina ɗaga hannu in jefa ta a gulbi. Da na jefa, gobe ba ni da abokin nema." Ya dubi ruwa, bai dube ni ba. "Amma ba na so a ba ni ke don an ɗaure wani. Ga ta. Abin gidanku ne, ke kika san yadda za ki yi."

Ya ɗora ta kan adudu ya danne da dutse, ya juya jirginsa. Na bi bayansa da kallo, karo na farko ban ji ƙarnin kifin ba. Kada ku tambaye ni abin da na ji a ƙirjina, ni ma ban san sunansa ba, abin da na sani kawai ya ƙara dagula mini lissafi.

Da hantsi aka zauna a gindin tsamiya. Wakilin Lamiɗo a kan darduma da dogarai a bayansa, Bature a kan kujerarsa mai naɗewa da tafinta a gefe, Sarkin Jirgi, akawu, sai Baffa da rawaninsa da ya bushe da jirwayen laka. Mu mata muna can baya. Aka kawo Ilyasu, kansa babu dara, hannu a ɗaure. Ya rame cikin kwana biyu. Ko a wannan hali, da ya ga inda Baffa yake zaune, sai da ya karkata jikinsa don kada ya fuskance shi. Na ji kamar in je in mangare shi.

Kowa ya faɗi nasa, kowa kuma ya fita tas. Bariki ya aika, ga kara. Sarkin Jirgi bai ga tsuntsu ba. Akawu umarni yake bi. Dogarai ba su ga jirage ba. Baffa ya ce ko a mafarki bai ga takarda ba, a kawo Alƙur'ani ya dafa. Wakili ya juya ga Ilyasu ya ce wannan ce tambaya ta ƙarshe, hannun wa ya ba. Ilyasu ya sunkuyar da kai. Na ga wani dogari yana warware bulala.

Ban san lokacin da na tashi ba. Goggo ta kamo gefen zanena, na fisge. Na ja fatalar da ke kaina na rufe rabin fuska, na ratsa maza ƙafa ba takalmi, ina jin ana cewa wace ce wannan, ina za ta. Na durƙusa a gaban Baffa, kusa da shi yadda ban taɓa yi ba, na miƙa takardar da hannu biyu.

"Baffa, ga ta. Ni ya ba, ranar Talata da azahar, ta bayan zana. Ya ce in ba ka yanzu-yanzu. Ban ba ka ba."

Ban ambaci Goggo ba. Baffa ya karɓa, ya juya bayanta inda tafinta ya saba rubuta fassara da ajami, ya karanta a fili, muryarsa ba ta ko girgiza ba: ruwa ya taɓa ja, a kwashe mutane kafin faɗuwar rana.

Bature ya nemi a gaya masa dalilin da ya sa masinja bai shiga zaure ba. Tafinta ya yi bayani, Bature ya sake tambaya. Tafinta ya sake yi, Bature ya sake tambaya. Mai unguwa ya taɓa dukansa ne? A'a. Suna gaba ne? A'a, girmama shi yake. To, don yana girmama shi ya ƙi gaya masa gidansa zai nutse? Tafinta ya share gumi ya ce haka ne. Wakili kuwa tun kalma ta farko ya gane, ya ja amawali ya rufe bakinsa, dattawan wurin duka suka sunkuyar da kai, don kowannensu ya taɓa faɗawa gona saboda surukinsa.

Baffa ya ciro carbinsa ya naɗe takardar da shi, ya tashi ya ajiye a gaban Sarkin Jirgi, kamar yadda ya kamata a yi tun ranar Talata. Sannan ya sa hannu ya fara warware rawaninsa. Na ji Goggo ta fashe da kuka a baya. Ya ninke shi ya ajiye a gaban wakili, ya ce takarda ta kwana a gidansa, gidan da 'ya ba ta iya kawo wa ubanta magana kuwa, mai gidan ne ya gina shi haka. Ya ce a kwance yaron mutane. Wakili ya ce maganar rawani sai abin da Lamiɗo ya gani, amma ya yi wa dogari nuni, aka kwance igiyar.

Na ɗauka an gama. Sai Baffa ya juya, kansa a buɗe, furfurar da ban san yana da ita ba duk a waje.

"Ilyasu, ɗago kai ka dube ni. Kunyarka ta ci abincin unguwa guda. Yau za a mayar wa kawunanka goronsu. Ni ba surukinka ba ne, ba sauran dalilin ɓuya."

Na fito don in cece shi, ga shi na rasa shi, na kuma rasa wa Baffa rawani. Can gefe na hango Brahim ya runtse ido, ko alamar murna babu a fuskarsa.

Ilyasu ya ɗago. A hankali, kamar wanda aka ɗora wa dutse a wuya, amma ya ɗago, ya dubi Baffa cikin ido a gaban wakili da Bature da duk unguwa.

"To, Baffa, tunda ka cire mini surukuta, zan yi abin da na kasa ranar Talata. Laifin nawa ne, ba nata ba, kuma zan yi noma in biya abin da zan iya. Ba kawu, ba goro, ba zana. Ni da bakina nake roƙonka ita."

Wani tsoho ya yi salati, don ba a taɓa jin saurayi ya nemi aure da bakinsa ba. Baffa ya dubi Ilyasu, ya dubi Brahim, ya daɗe. Sannan ya juyo, bai dubi bango ba, bai nemi Goggo ba, ni ya duba.

"Aisatu," ya ce.

Sai da na waiga in ga da wa yake. Shekara goma sha takwas ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba.

"Ba ta bakin kowa ba. Ke, me kika ce?"

Ga Ilyasu a damana da shatar igiya a hannunsa, ga Brahim a haguna da shatar mari a kumatunsa, ga ubana a gabana ba rawani, yana jiran magana ta biyu da zan taɓa gaya masa a duniya. Na buɗe baki. A nan zan dakata yau, ku fara gaya mini laifin wa ne, kuma da ku ne me za ku ce masa?